Matakai Shida da Suka Rage Bayan Na Cire Ruwa

A shekarar da nake ɗauke da cikin 'yata ta fari nake kuma rubuta kundin digirina na biyu, kuma su biyun suka nemi su iso kusan lokaci ɗaya. Likita ta ce haihuwa sai farkon damina. Sashenmu a jami'a kuma ya liƙa sanarwa cewa duk wanda malaminsa bai sa masa hannu ba zuwa wata ranar Alhamis a tsakiyar bazara, sunansa ba zai shiga jerin masu kare kundi a bana ba, sai baɗi. Ni kuwa na san halina. In na haihu ban gama ba, zan rungume jaririyata in manta da duniya, kundin ya tsufa a cikin akwati. Sa hannun nan na ranar Alhamis shi ne abin da nake kwana da shi nake tashi da shi.

Mijina ɗan kasuwar kifi ne a Baga Road, a nan Maiduguri. Banda yake saye a hannun masu kawowa daga tafki, ya ɗaure a kwali ya tura kudu. Abubuwa biyu ne suke ɓata masa kaya: wata ƙwayar cuta mai sa kifi wari idan bai bushe sosai ba, da fumfuna mai fitowa a jikinsa idan iska ta yi laima. Daga ƙorafinsa na samo abin da zan yi bincike a kai. Kowacce cikin biyun tana da hanyar da take bi ta narkar da naman kifi: wannan sinadari ya juye ya zama wancan, wancan ya rabu biyu, ɗaya ya haɗu da wani, haka dai har ƙarshe. Masana sun zana waɗannan hanyoyi kamar taswirar gari. Kowane ɗigo sinadari ne, kowane layi kuma mataki ne daga wani sinadari zuwa wani. Ina da taswira biyu a kwamfutata, ta ƙwayar cutar da ta fumfunar. Aikina shi ne in gano ko akwai wani yanki da yake iri ɗaya a cikinsu, ɗigo da ɗigo, layi da layi. In akwai, wataƙila wata rana wani ya toshe wuri ɗaya ya hana su duka biyun.

Gaskiya ba don kifi kaɗai na so aikin ba. Na tashi da ƙananan littattafan soyayya, waɗanda nake sayowa a Kasuwar Kwastam in ɓoye a tsakiyar littafin kimiyya. Labarin da na fi so kullum shi ne na baƙi biyu da suka fito daga garuruwa masu nisa, ba harshe ɗaya, ba dangi ɗaya, sai daga baya a gano zuciyarsu iri ɗaya ce. Iyayena Kanawa ne da kasuwanci ya kawo Maiduguri, mijina kuwa Babarbare ne, har yau in ya yi fushi Hausarsa karyewa take yi. To da na ga taswira biyu na halittun da ba su haɗa komai ba a ido, sai zuciyata ta riga ta yanke hukunci tun kafin kwamfuta ta ce uffan. Na so su dace.

Manhajar da nake aiki da ita tana shafa ja a duk inda ta ga taswirorin sun yi daidai. Ranar wata Asabar da hantsi na sa ta aiki, na shiga kicin na ɗora miyar kuka. Da na fito na duba, sai na ga allon ya yi jawur. Kusan ko'ina ja. Na zauna a kan tabarma na dafe cikina, hawaye na zuba ina dariya. Na tashi na sa turaren wuta a kasko na zagaye ɗakin da shi, na saka lafayata mai ruwan goro kamar za ni biki.

Da la'asar mijina ya shigo da ƙaurin hayaƙin banda a rigarsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana shaƙar turare.

"Wushe, wushe, Farfesa," ya gaishe ni da Barbarci, da sunan da yake kirana in yana son tsokana. "Wa ya haihu ban sani ba?"

"Zo ka gani, Yallaɓai. Sun dace. Duk sun dace."

Ya sunkuya ya kalli allon ya daɗe, ya ce, "Ni dai barkono nake gani an shanya." Sai kuma ya ga idona, ya gyara murya. "Amma barkono mai kyau ne. Allah ya sa albarka."

Kwana biyu ina yawo a gidan nan kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na rubuta babi na huɗu gaba ɗayansa, da kalmomi masu daɗi waɗanda yanzu in na tuna su nake rufe fuska.

Ranar Litinin na hau keke napep na kai wa malamata. Dattijuwa ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya, amma ɗalibai sun fi tsoron shirunta a kan faɗan kowa. Tun da ta ga cikina ya fito take ce mini "uwar biyu", wai ɗaya a ciki ɗaya a kwamfuta. Na buɗe mata allon ina murmushi. Ba ta yi murmushi ba. Ta matso da kujera, ta sa bakin biro a kan wani ɗigo da layuka suka taru a kansa kamar ƙudaje a kan mangwaro.

"Uwar biyu, wannan wane ne?"

"Ruwa ne, ranki ya daɗe."

"Wannan fa?"

"ATP ne." Shi ne sinadarin da yake kai ƙarfi duk inda ake buƙata a jikin mai rai, ba matakin kirki da ba ya leƙawa.

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta. "Ni ina shan ruwa," ta ce. "Akuyar maƙwabcina ma tana shan ruwa. Mun zama 'yan uwa ke nan? Gobe in ta haihu in kai mata barka?"

Na yi dariyar yaƙe, don ban gane ba tukuna. Sai ta nuna mini a hankali. Ruwa yana shiga matakai da yawa, ATP ma haka, da wasu irinsu. Tun da na bar su a cikin taswira a matsayin ɗigo kamar kowa, sai suka zama gada tsakanin abubuwan da ba ruwansu da juna. Duk inda manhajar ta tsaya a taswira ta farko, in ta bi ta kan ruwa za ta isa ko'ina, haka ma a ta biyu. Don haka ta ga kamanni a ko'ina. Jan da na yi wa turare ba kamannin ƙwayar cuta da fumfuna ba ne. Ruwa ne yake kama da ruwa.

"Ki fitar da su, ki sake," ta ce. "Abin da ya rage shi ne naki."

"In kuma babu abin da ya rage fa?"

"To babu ke nan, 'yata. Ba zan sa hannu a kan ruwa ba. Ina ofis ranar Alhamis har azahar."

A hanyar komawa gida ban ga komai ba sai inuwar darbejiya tana wucewa a kan cinyata. Kunya ce ta fi damuna, sai kuma haushi. Ina shiga gida ko lafaya ban cire ba na buɗe kwamfutar. Na sa ta jera mini sinadaran bisa yawan fitowarsu, na ja layi, na ce duk wanda ya fito fiye da sau goma ya fita. Guda goma sha huɗu ne. Ban tsaya duba sunayensu ba, na share su kamar mai share hotunan wanda ya yaudare ta.

Ranar Talata da safe na sake sa manhajar aiki. Zafin bazarar Maiduguri ba sai an faɗa ba. Kwamfutar ta yi zafi har tana huci, sai na jiƙa tawul na shimfiɗa a ƙasa, na kifa tire a kai, na ɗora ta, na zauna ina yi mana fifita ni da ita. Kafin azahar ta gama. Allon fari fat, sai ɗan ja nan, ɗan ja can, ɗigo biyu a wannan kusurwa, biyu a waccan, ba wanda ya riƙe hannun wani. Ba yanki, ba hanya, ba abin da za a rubuta babi a kansa.

Ban yi kuka ba. Na ji dai gidan ya yi mini ƙunci. Tun da na samu ciki ban taka kasuwar kifi ba, saboda ko rigar mijina na shaƙa sai zuciyata ta tashi. Ranar nan na sa ɓawon lemun tsami a hankici na nufi Baga Road.

Mijina ya gan ni daga nesa ya miƙe da sauri, yana tsammanin wani abu ya samu cikin. Da ya gane ba haka ba ne, ya share mini benci a can cikin rumfa inda iska take ɗan ratsawa, ya tsayar da wata dattijuwa mai sayar da ardeb ya karɓo mini mai sanyi. Na sha ruwan tsamiyar nan ina kallon kwalaye, na ba shi labari duka, daga akuyar maƙwabcin malamata har farin allon.

"To su wa kika kora?" ya tambaya.

"Duk mai yawan shige da fice. Duk wanda na gani a ko'ina."

Ya tuntsire da dariya har maƙwabcin rumfarsa ya leƙo. "Alhamdulillahi da ba ke ce shugabar kasuwar nan ba, Farfesa. Da yau mun rufe." Ya nuna da haɓa wani dogon mutum mai jar hula da yake fitowa daga rumfar da ke fuskantarmu, masu dako biyu na bin sa da kwalaye a ka. "Ga dillalinmu can. Tun asuba ba rumfar da bai shiga ba. In yawan shiga laifi ne, shi za ki fara kora, kuma in kika kore shi ko kan kifi ɗaya ba zai bar kasuwar nan ba."

Shi wasa yake yi, don in saki fuska. Ya ma juya yana ciniki da wani. Ni kuwa na zauna da kofi a hannu ina kallon mutum biyu. Mai ardeb ta shiga rumfa ta fita da tulunta, ta shiga ta gaba ta fita da tulunta. Ana buƙatarta, ba mai iya wuni a zafin nan ba tare da ita ba, amma kifi bai taɓa bin ta ba. Mai jar hula ya shiga rumfa, ya fito kifi na biye da shi zuwa wata. In ƙirga shiga za a yi, su biyun ɗaya ne. In kuwa kifi za a bi, ba su haɗa hanya ba.

Sai na tuna ban ko karanta sunayen goma sha huɗun nan ba. Na ajiye kofin na miƙe.

"Yallaɓai, zan koma gida."

"Yanzu? Ko ardeb ɗin ba ki shanye ba."

"Na kori dillali," na ce.

"Ki ba shi haƙuri," ya ce, yana tsayar mini da keke. "Mutanen nan suna da riƙo."

Ranar Laraba tun da na idar da sallar asuba na baje takardu a kan tabarma. Na ɗauki goma sha huɗun ɗaya bayan ɗaya, kowanne na yi masa tambaya guda: abin da aka ɓantaro daga naman kifi, ta jikinka yake wucewa zuwa mataki na gaba, ko kuwa kai dai ka zo ka ba da hannu ne ka tafi? Ruwa ya fita, ba gardama. ATP ya fita. Wasu tara suka bi su. Biyu kuwa da na duba da kyau, hanyar ce kanta take bi ta kansu, na mayar da su ina jin nauyin abin da na yi musu.

Na ƙarshen shi ya cinye mini wuni. Ɗan uwan farin sinadarin ɗanɗanon nan ne da muke barbaɗa wa miya. A wasu matakan yakan zo ne ya karɓi wani ɗan abu ya miƙa ya wuce, kamar mai ardeb. A wasu kuma shi ne kayan, shi ake sarrafawa ya zama na gaba. Ba yadda za a yi in ce masa fita ko zauna gaba ɗaya. Dole na bi duk layin da ya taɓa shi, a taswira ta farko da ta biyu, in riƙa yanke hukunci da fensir: wannan a bar shi, wannan a goge. Bayana ya riƙe, ƙafafuna suka kumbura, yarinyar da ke cikina ta yi ta shurin haƙarƙarina kamar tana cewa in tashi haka nan. Na ci ɗumamen tuwo a zaune a wurin, har miya ta ɗiga a kan takarda ɗaya.

Bayan la'asar na shigar da gyaran na sa manhajar aiki karo na uku. Wannan karon ban sa turare ba, ban kuma zauna gadinta ba. Na fita tsakar gida na wanke kayan jarirai da ƙanwar mijina ta aiko, waɗanda ma a wanke suke. Ina shanya wata 'yar riga mai ɗigo-ɗigo na ji ƙarar da kwamfutar take yi in ta gama. Na tsaya da rigar a hannu na yi addu'a, ba ta neman su dace ba, ta neman in iya ɗaukar duk abin da na gani.

Allon fari ne, kusan duka. Amma a gefen hagu na taswirar farko akwai wani siririn ja, a haɗe, kamar sarƙar wuya da aka ajiye a kan farin zane. Matakai shida: biyar a jere, ɗaya ya yi reshe daga na uku. A taswira ta biyu ga shi can ƙasa, a kwance maimakon a tsaye, amma shi ne, biyar a jere da reshe daga na uku. Kuma a daidai inda reshen ya fita, wanda yake zaune shi ne wannan na ƙarshen da na kora ranar Litinin. Shi ya sa ranar Talata sarƙar ta tsinke ta zama gutsattsari.

Ban yarda da idona ba, don ya taɓa yi mini ƙarya. Na ɗauko takarda mai shara-shara na kwafi na farkon da fensir, na bi na biyun da yatsa ina kiran sunan kowane mataki a fili, ɗaya bayan ɗaya. Shida suka amsa. Ba ruwa a tsakaninsu ko ɗigo. Sai a lokacin na jingina da bango na ji wani abu mai nauyi ya sauka daga kafaɗuna ya bi ta yatsun ƙafata ya fita. Ba irin murnar ranar Asabar ba ce, mai sa rawa. Wannan shiru ce, kamar in an ɗauke wuta tun safe sai fanka ta fara juyawa da kanta.

Ranar Alhamis na isa ofishin malamata da hantsi. Ta duba allon, ta karɓi takardun fensir ɗina har da mai tabon miya, ta bi su layi-layi. Ta yi ta neman inda za ta karya sarƙar. Me ya sa kika bar wannan? Me ya sa kika goge wancan? A wuri ɗaya ta ce ba ta yarda da ni ba, muka buɗe littafi, ya nuna ita ce da gaskiya. Muka gyara a nan take muka sake sa manhajar, muka zauna muna sauraron hucin kwamfutar, ita tana cin dabino ba ta ko miƙo mini ba. Shidan suka dawo yadda suke.

"Kaɗan ne," ta ce.

"Kaɗan ne, ranki ya daɗe."

"Kuma ba ki gano maganin ruɓewar kifi ba. Kar in ji kin rubuta haka. Kin nuna wa na bayanki inda zai fara dubawa, shi ke nan."

"Haka zan rubuta."

"Babin nan na huɗu mai kama da wasiƙar saurayi, ki sake shi kafin ranar kare kundi. Ki kuma sa labarin ruwan a ciki, da na wanda kika kora, don kar wata ta sake." Ta jawo takardar sashen ta sa hannu, ta buga hatimi. Sannan ta turo mini ledar dabinon. "Ci, uwar biyu. Ɗaya ya sauka lafiya."

Na fito na zauna a ƙarƙashin wata darbejiya a bakin sashen, na kira mijina. Hayaniyar kasuwa na tashi a bayansa.

"Ta sa hannu," na ce.

"Alhamdulillahi! Duk barkonon nan ta karɓa?"

"A'a. Matakai shida ne kawai suka rage."

Na san yana auna ko jaje zai yi mini ko barka. "Shida," ya ce. "To ni da ke ma in aka cire cin tuwo da shan ruwa, anya za mu kai shida?"

Na ce masa zan ƙirga in ya dawo. Na kuwa ƙirga a keke a hanyar gida, ina kallon gari yana wucewa, na samu huɗu waɗanda na tabbata da su, ta biyar kuma tana ta motsi a ƙarƙashin lafayata. Na kare kundina da sauran mako uku in haihu, a zaune, don malaman sun ce kar in tsaya. Takardar nan mai shara-shara da na kwafi sarƙar a kai tana nan har yau a cikin akwatina, a naɗe cikin 'yar riga mai ɗigo-ɗigo da ta yi wa yarinyar kaɗan tuntuni.